Ɗaurin da Ya Ci Yatsun Yaya

Ƙanenta ne ya cuce ta, kuma ba cikin rashin sani ba. An gaya masa, ya ƙi ji.

Shekara tara ya yi yana tura gadon marasa lafiya a asibiti. Shi ya sa 'yan gida suke ce masa Dakta, shi kuwa ya ɗauka da gaske ne. Yayarsa tela ce. Zaman keken ɗinki ya kumbura mata jijiyoyin ƙafa, gyambo ya buɗe a saman idon sawunta, wata bakwai yana tsiyayar ruwa. Ɗakinta a hawa na uku yake, matakala arba'in da biyu. Ba ta sauka sai ranar wankin ciwo. Duniyarta ta koma gado, bokiti, da taga mai kallon bango.

Maƙwabciyarta ta yi irin gyambon, aka ɗaure mata shi tamau da bandeji, ya warke. Yaya ta roƙi nas a yi mata haka, Dakta yana tsaye.

Nas ta ce, "Mama, ciwon iri ɗaya ne, jikin ne ba ɗaya ba. Ita jini ne kawai ba ya komawa sama. Ke ga wannan, ga suga, ga hanyoyin da ke kawo jini ƙafar sun tsuke. In na matse, na tare ɗan abin da ke isowa. Mu fara da sugan."

A hanya Dakta ya yi tsaki. "Wannan yarinyar? Ina tura gado tana shan nono."

"Tura gado ka yi, auta, ba karatu ba."

"Yaya, sau ɗari na ga ana ɗaurin nan. Ko a ɗakin kike so ki tsufa?"

Ta dubi matakalar da ke jiran ta. Da suka hau ta miƙa masa ƙafar.

Ya naɗe ta, ya ja iya ƙarfinsa. Kullum zai leƙo ya ce, "Da zafi?" Ta ce babu. Ya ce, "Kin gani?" Bai san suga ya riga ya kashe mata jin ƙafar ba, bai kuma taɓa ɗaga zane ya duba yatsun ba. Ran kwana huɗu wari ya sa 'yarta ta duba. Uku sun yi baƙi.

An yanke su. Gyambon yana nan, ya ma ƙara faɗi. Keken ɗinkin an rufe shi da tsumma.

Yaya ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi kada wani ya goya ta zuwa wankin ciwo sai shi. Duk Talata da Juma'a yana sauko da ita a bayansa, ya mayar da ita, matakala arba'in da biyu. Ba wanda ya sake ce masa Dakta.