Gayyar Barmo Ba Tulun Giya

A shekarar da Nasara suka miƙa mulki, Barmo na Cadakori ya bar giya. Mutane na ta zancen sabuwar tuta a buron Gidan Rumji, wato ofishin hukuma, shi kuwa abin da ya dame shi hannuwansa ne, don ya rasa inda zai sa su. Da la'asar ta yi sai ya tashi, ya zauna, ya leƙa rumbu, ya kwance akuya ya sake ɗaure ta. Matarsa Mero ta ce da ta san haka barin giya yake, da ta tanadi igiyoyi.

Ba wa'azi ne ya raba shi da ita ba. Wata ranar kasuwa aka kawo shi gida rataye bisa jaki kamar buhun gyaɗa, ɗiyarsa Tala na tsaye cikin ƙawayenta. Bai sake sha ba. A masallaci an yi masa barka, amma sama-sama, ana jiran a ga ko zai ɗore. Wannan bai ci masa rai ba. Labo ne damuwarsa, abokinsa tun suna kiwon awaki, wanda suka tsufa suna sha a ƙoƙo ɗaya. Tun da Barmo ya bari, Labo bai taka ƙofar gidansa ba, kuma Barmo na kewarsa ƙwarai.

Da damina ta kankama, ciyawa ta nemi cinye masa gero, sai ya kira gayya. To, mutanen unguwar su Labo ba sa fita gayya sai an girke musu tulun giya a gindin itace, haka suka gada. Barmo ya aika masa cewa tuwo da fura kaɗai za a samu.

Ranar gayya danginsa suka zo, ba su taka kara sun karya ba. Barmo na noma yana waiwayen hanya, har ya sare gindin gero ya bar ciyawa. Ya yi fushi, ya huce, ya sake yin fushi. Yana cewa a ransa, ashe tulun ake wa zumunci.

Hantsi ya ɗaga sai ga Labo da mutanensa, hauyoyi a kafaɗa. Ba su iso wurinsa ba, suka kama daga can ƙarshen gona, ƙura na tashi. Barmo ya ji daɗi har ƙwalla ta zo masa.

Da aka tsaya hutu, ya karɓi ƙwaryar fura daga hannun Mero, ya sa ludayi biyu, ya nufi gindin gawon da Labo ke zaune.

"Sannu da aiki, Labo. Taho mu sha."

Labo ya miƙe da sauri ya ja baya. "Tsaya nan, Barmo. Na sha giya tun da sahe. Bakina duk warinta ne."

"To mi? Yau na hwara jin warinta?"

"Na san ka. In ka ji shi, ƙahwarka za ta kawo ka gidana kahin magariba, ni kuma ba ni iya hana ka. Ba ni son ya zama ni ne."

Barmo ya san gaskiya ce. Tun daga nan ma hancinsa ya fara nema.

Labo ya duƙa ya ɗebi rairayi, ya sake shi a hankali ya ga inda iska ta nufa. Sannan ya zagaya ya zauna can ƙasan iska, nesa kaɗan, inda sai an ɗaga murya za a ji juna.

"Sha abinka," ya ce. "Ina ganinka daga nan."

Barmo ya zauna a inuwar da abokinsa ya bar masa, ya ɗora ƙwaryar bisa gwiwa, ya fara sha shi kaɗai.