Durƙuso a Bakin Rijiya

Rumyana tana gasa tattasai a baranda saƙon ya shigo wayarta. Kaka ta kama a Ruse, kowane bene ka wuce ƙaurin tattasai ke fitowa, ita ma buhu guda ta sayo duk da cewa su biyu ne a gidan kuma ɗayan ya daina cin abin kirki. Ta goge hannu da tsumma ta duba. Wani tsohon mabiyin tashar bidiyon mijinta ne ya rubuto, yana kiranta Lelya, wato goggo, mijinta kuma Bai, wato yaya: "Lelya Rumi, kin ga abin da Tisho ya saka? Hanyar Bai Zdravko ce tun daga farko har ƙarshe. Ranar Juma'a masu shafi za su rubuta ta da sunansa."

Zdravko, mijin nata, shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Ruse da Varna. Da ya yi ritaya, maimakon ya bi sa'o'insa bakin kogi kamun kifi, sai ya kama wasan kwamfuta kamar wanda aka yi wa asiri. Yana wasa yana ɗaukar bidiyo, yana bayani da muryar nan tasa ta mai sanar da tashoshi. Mutum dubu huɗu da 'yan kai ke binsa, shi kuwa ji yake kamar ya mallaki gidan talabijin. Wasan da ya fi so na wani makiyayi ne da zai ƙetare duwatsu da tumaki arba'in cikin dusar ƙanƙara, kyarketai na biye da shi. Babu wanda ya taɓa kaiwa ƙarshe da tumakin cif. Zdravko ya yi wata biyu da littafin rubutu da fensir, har ya gano wata hanya ta bayan injin niƙa, ta cikin kwazazzabo, ya fita da arba'in ɗinsa. Masu wannan wasa suna da shafi da suke rubuta kowace hanya da sunan wanda ya fara gano ta, kuma sunan da ya hau ya hau ke nan. Zdravko ya yi ta cewa gobe zai aika musu. Kwana goma sha ɗaya da saka bidiyon ya faɗi a kicin, ɓarinsa na dama ya shanye.

Wata takwas ke nan. Kwamfutar tana ɗaki an lulluɓe ta da mayafin tebur, ko kallon wajen ba ya yi. Rumyana ce ke amsa wa masu tambayar lafiyarsa.

Ta leƙa falo. Yana zaune gaban talabijin, ƙwallon robar da likita ya ce ya riƙa matsawa tana kan cinyarsa, ba a hannunsa ba. Ta janyo ƙofar baranda ta buɗe bidiyon.

Tisho ɗin nan mabiyansa dubu ɗari uku. Ga shi a kujera mai fitilu, yana rantsuwa sati uku bai runtsa ba kafin ya gano hanyar. Bai ɗauki hoton Zdravko ba, ya fi haka wayo. Sake buga wasan ya yi da hannunsa, taku bayan taku, duk inda Zdravko ya karkata shi ma ya karkata. Har barkwancin bai bari ba. Akwai wata tunkiya mai taurin kai da Zdravko ya raɗa wa sunan surukarsa, sai ga Tisho yana cewa, "Ga surukata nan ta tsaya kuma."

"Uwar tawa!" in ji Rumyana a fili. "Kai da ko aure ba ka yi ba!"

A minti na goma sha ɗaya makiyayin ya iso bakin wata rijiya, ya durƙusa. Tisho ya rage murya ya ce, "Ga babban sirrin. Ku durƙusa a nan ku ƙirga bakwai, kyarketai za su rasa warinku." Rumyana ta yi dariya, sannan ta zauna a kan buhun tattasai ta yi kuka mai isarta.

Babu wani sirri. Teburin Zdravko ƙarami ne, tsohon teburin keken ɗinkinta. Kullum ƙarfe goma na safe takan kawo masa gahawa, kuma ba wurin ajiye ɗan farantin sai gefen allon madannai, inda bakin farantin ke danne madannin durƙuso. Sun yi faɗa a kan haka ya fi a ƙirga. "Rumi, kin sake durƙusar min da mutum!" Ita kuma ta ce ya sayi tebur irin na mutane. Daga baya ya daina faɗa. Da ya ji tafiyarta sai ya kai makiyayin wurin da ba haɗari, ya kashe makirufo saboda ta ce ba ta yarda muryarta ta shiga duniya ba, ya bar farantin a kan madannin, ya kama hannunta ya ce ya gode. Masu kallo ba su ga komai sai makiyayi a durƙushe da shiru na ɗan lokaci. Wannan shirun Tisho ya gani ya ɗauka hikima ce.

Tattasai biyu sun ƙone ƙurmus kafin ta tashi. Ba mabiyan Tisho ne suka dame ta ba. Wannan hanya ita ce aiki na ƙarshe da Zdravko ya yi da hannayensa biyu, kuma jibi za a liƙa mata sunan wani. Ta san yadda ake kai ƙara a dandalin bidiyo, kuma duk masu wasan sun san an riga an yi wa Tisho gargaɗi biyu, na uku rufe tasha ne. Amma ƙara takan ɗauki makonni, Juma'a kuwa ba ta jira. Sai ta rubuta masa kai tsaye: "Ni matar Zdravko ce. Me ya sa makiyayi yake durƙusawa a bakin rijiya? In ka sani, hanyar taka ce. In ba ka sani ba, ga lambar gidanmu, ga kuma ƙara tana jiranka." Ta ƙudura Zdravko ba zai ji ba. Mutumin da cokali ke gagara, ina zai kai wannan?

Washegari da hantsi aka buga ƙararrawa. Ta buɗe ta ga wani siririn mutum mai shekara talatin da ɗoriya, sanƙo ya fara cin gabansa, furanni biyar a hannu ɗaya, kwalin cakulan a ɗayan. Ba kujera, ba fitilu, sai idanu da suka faɗa.

"Lelya Rumi, ni ne Tihomir, wato Tisho. Daga Shumen nake."

"Ni ba goggonka ba ce. Ka kawo amsar?"

"Na duba wasan ciki da waje," ya ce. "Kyarketan ba ruwansu da durƙuso. Ni na ƙirƙiri zancen. Na ga ya yi shiru a wajen, na ce tsohon nan ba ya yin abu a banza."

"Au, ashe ka san da tsohon."

"Bidiyo biyar nake sakawa a sati, lelya. In na yi fashi ɗaya injin dandalin ya manta da ni. Na ga tashar ta yi wata takwas shiru, na ɗauka an bar ta."

"An bar ta? To da ka ga an bar ta, hannunka ya karye ne da za ka rubuta sunan mai ita? Har da uwata ka haɗa ka kwashe!"

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Tana shirin ƙara masa sai murya ta fito daga falo, a hankali, kalma na jan kalma.

"Rumi. Tisho ne? Ya... shigo."

Rumyana ta juya ta ga Zdravko a bakin ƙofar falo, ya dogara da sanda.

"Ka sani?"

"Sati... biyu." Ya taɓa aljihun da wayarsa take. "Kina kasuwa. Hagu... tana aiki."

"Shi ne ka yi min shiru?"

"Ke ma."

Rumyana ta jefa wa Tisho silifas na baƙi, mafi tsufa a cikinsu, ta karɓi furannin don ba laifinsu ba ne. Suka zauna a kicin. Ita ta ba da labarin farantin, tana yi tana hararar baƙon, ta faɗi na teburin keken ɗinki da na makirufo. Da ta zo kan kama hannu sai ta tsallake, amma Zdravko ya ɗaga nasa na hagu ya ɗora a kan nata, zancen ya cika da kansa. Tisho ya rufe fuska da tafukansa.

"Wallahi na ji kunya, Bai Zdravko. Yanzu a gabanku zan rubuta wa masu shafin. Bidiyon ma zan goge shi."

"A'a." Zdravko ya girgiza sandarsa. "Nuna min... mutanen."

Tisho bai gane ba sai da aka maimaita. Ya fito da wayarsa ya buɗe. Tun da ya saka bidiyon mutane suke turo nasu: wani daga Plovdiv, wata daga Poland, wasu da ko haruffan sunansu Rumyana ba ta iya karantawa. Rijiya ɗaya, makiyaya ɗaruruwa, kowa ya iso sai ya durƙusa ya yi tsit. Zdravko ya yi ta kallo, gefen bakinsa mai motsi yana rawa. Tun da ya faɗi ba ta ga ya kalli wani abu haka ba.

"Rumi," ya ce. "Dubi. Duk... gode miki suke."

"Kai dai ka cika shirme," ta ce, ta tashi ta shiga wanke kofin da yake a wanke.

Tisho ya rubuta saƙon, ya karanta da ƙarfi: hanyar ta Zdravko ce, shi kwafa ya yi, ga ranar da bidiyon asali ya fita. Rumyana ta sa ya cire "kusan" da "wataƙila" guda biyu, ta tsaya a kansa har ya aika. Zdravko ya buga sanda a ƙasa.

"Hanya... tawa. Durƙuso... nata. Rubuta. Gahawar Rumi."

"Kada ka soma," in ji ta. Tisho ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga Zdravko ya fi taurin kai, ya ƙara rubuta wa masu shafin hakan.

Saura masu kallonsa dubu ɗari uku da aka yi wa ƙarya. Tisho ya ce da ya koma Shumen zai ɗauki bidiyon ban haƙuri. Rumyana ta ce ta san irin wannan, a yi fuskar tausayi minti biyu a wuce. Zdravko ya miƙe da ƙyar, ya nufi ɗakin da ya yi wata takwas yana kauce wa, ya kama mayafin teburin da hagu ya janye shi ƙasa.

"A nan," ya ce.

Madannan tafiya da ma na hannun hagu ne. Linzamin kwamfutar ne ke son dama. Zdravko ya dubi hannun nasa da ke kwance a cinya, ya dubi Tisho, ya nuna masa linzamin da haɓa.

"Ka saci hanya. Ara min... hannu."

Tisho ya janyo 'yar kujerar kicin ya zauna a damansa. Farkon abin dariya ne, makiyayi na tafiya gabas yana kallon yamma, tumaki uku suka faɗa rami. "Makaho," in ji Zdravko, kuma kalmar ta fito sumul ba gargada. Suka sake daga farko, Tisho ya faɗi abin da ya yi a makirufo da bakinsa, ba ado. A karo na uku suka wuce injin niƙa, suka shiga kwazazzabo, surukar ta tsaya kamar kullum.

Rumyana tana bakin ƙofa tana kallon bayansu. Ba wanda ya aike ta, ta koma kicin ta ɗora gahawa. Da ta dawo da ita makiyayin ya kusa rijiya. Ta lallaɓa ta ajiye farantin can ƙarshen tebur, nesa da madannai, don kada ta ɓata musu aiki.

Zdravko ya saki madannan. Ya miƙa hagu ya janyo farantin a hankali, gahawar na tangaɗi tana zuba, har bakin farantin ya hau madannin durƙuso. Makiyayin ya durƙusa.

Ta dubi makirufo. Ɗan jan hasken yana nan a kunne.

"Zdravko, ba ka kashe ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani." Ya kama hannunta. Ya ɗauki lokaci yana tattara kalmomin, Tisho ya kawar da kai yana kallon bango. "Na gode, Rumi."

"Sha kafin ta huce," ta ce, amma ba ta janye hannun ba.