Tumunin Inna Iyatu

Duk layinsu a Gidan Dahala babu wanda bai san gwangwanin Inna Iyatu ba. Tsohon gwangwanin madara ne da ke saman kabad, inda zafin Sakkwato ke gasa shi, cike da ragowar magungunan mijinta, marigayi Malam Ɗahiru. Ciwon kai? Ga jar ƙwaya. Ciwon ciki? Jar dai. Ita a wurinta magani ba ya lalacewa, sai dai ya ƙara nuna.

Ranar da maƙwabciyarta Hajjo ta sha maganin hawan jinin Malam don ciwon haƙori, ta wuni kwance rufin ɗaki yana juya mata, ranar Khairiyya, ɗiyar Inna, ta zo a fusace.

"Inna, wanga gwangwani kisa za shi yi! Duk sun lalace. A kai su kemis, su sunka san yadda ake zubar da su. Ko a bola ba a watsa su, awaki na nan."

Tabɗi! Inna ta dafe ƙirji. A raba ta da abin da Malam ya bari?

"Kayan mamaci? Gado na, ba a raba shi ba. Wa ad da ikon zubarwa?"

Ta gyara zama, ta san ta ɗaure su. Ta manta ɗanta Gazali, da ya biyo Khairiyya, ɗan kasuwa ne.

"Gaskiya kinka hwaɗi, Inna," in ji shi. "A raba."

Ya shimfiɗa tabarma ya juye gwangwanin. Ƙwayoyi sun manne da juna, ruwan maganin tari ya daskare kamar danƙo. Ya ja kashi biyu gabansa, ya tura wa Khairiyya ɗaya, ya ware wa Inna ɗan tsibi.

"Mi na wanga?"

"Tumuninki, ɗaya cikin takwas. Rabon matar mamaci."

"Ni da na yi jinya tai?"

"Ba ni na tsara ba, Inna."

Ja'iran nan suka ƙulle rabonsu a leda, za su kemis. Inna ta zura wa tsibinta ido. Wallahi ko sunan ɗaya ba ta sani ba. Ta jawo gwangwanin don ta mayar, sai ƙamshin man zafi ya buso, wanda take shafa wa Malam a gwiwa bayan la'asar. Kewarsa ta taso mata.

"Ku haɗa da nawa," ta ce. "Amma gwangwanin ba ya cikin rabo."

Babu wanda ya yi musu.

Bayan kwana biyu Hajjo ta leƙo da ciwon baya. Inna ta ce asibiti na nan bai tashi ba. Da ta fita, Inna ta sauko da gwangwanin, ta ɗan ɗaga murfin ta shaƙa, ta yi maza ta rufe kada ƙamshin ya ƙare.