Lambar Shasin Bauna

Sana'ata ita ce in shiga ƙarƙashin tsofaffin motocin shiga daji, in fito in faɗa wa masu su gaskiyar da ba sa son ji. Mutum zai kinkimo akwala ya kawo mini, yana washe baki wai irinta ɗari biyu kacal kamfani ya ƙera. In leƙa, in tarar injin na wata ne, ƙofofi na wata, lambar shasi, wato ƙashin bayan motar, kuma wani mara tsoron Allah ne ya buga ta a lungu. In fito in kaɗe wando in ce, “Malam, kwashi kayanka, wannan haɗe-haɗe ce.” Shi ya sa masu tara irin waɗannan motoci suka laƙaba mini Ba-Sani-Ba-Sabo. Ban damu ba, don takardar da na sa wa hannu ba mai sake dubawa.

Mota ɗaya ce na yi shekara goma sha takwas ina zille wa shiga ƙarƙashinta, ita ce ta Yayana.

Yaya mai walda ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ya tsinto motar a bayan wata gona, babu taya ko ɗaya, kaza na kwanci a kujerar direba. Mai gajeren baya ce, da tankin mai biyu da injin jan igiya a gaba, irin wadda aka ƙera wa masu awon ƙasa. Tana cikin ɗari biyun nan na gaskiya. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, da ta ga an jawo ta da igiya sai ta riƙe haɓa ta ce, “Wannan baunar fa, a ina za ta kwana?” Sunan ya bi ta ke nan.

Shekara tara Yaya ya yi yana tayar da Bauna. Yana tashi daga aiki sai gareji. Idan ƙusa ɗaya ta ɓata, ba zai sa ta zamani ba, sai ya bi 'yan gwangwan shago-shago har ya samo irin ta asali. Mutum ne da ba ya aikin rabi da rabi, ko ƙugiyar rataye riga zai liƙa maka, sai ya auna sau uku.

Lokacin ni ƙaramin makaniki ne, ban san komai a kan tantance mota ba sai ƙarfin baki. Wata Asabar muka kai ga shasi, daidai bayan tayar gaba ta dama, inda lamba take. Tsatsa ta cinye wurin, amma lambar tana karantuwa, a karkace, wata ta nutse wata ta taso. Yaya ya yi tsaki ya ce, “Dubi ƙazantar aiki, sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa.” Muka kwafe lambar a jikin kwali. Ya ɗauko giranda ya goge wurin har ƙarfe ya fito fari fat. Ni na ba shi aron ƙarafunana na buga lamba, waɗanda na buga lamba huɗu a cikinsu ya ɓalle a kunne. Ni kuma na riƙe masa rula, yana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama muka ja baya muna yaba kanmu.

Sai bayan shekaru, da na shiga koyon wannan sana'a, maigidana ya zaunar da ni ya ba ni darasin farko. Ya ce lambar kamfani ba ta taɓa miƙewa, don ma'aikaci ne ya buga ta da hannu, cikin sauri, ana jiransa da wata motar. Ya ce, “Duk lambar da ka gani a miƙe tsaf, an sake ta. Wadda aka sake wa lamba kuwa, ko uwarta ce ta zo ta rantse, ba ta da shaida.” Ban faɗa wa Yaya ba. Na ce gobe, gobe ta zama shekara goma sha takwas.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama, hannun walda, ya daina ɗagawa, magana ma sai ka kasa kunne. 'Yarsa Auta, wadda ke jinyarsa, ita ta je gidan adana tsofaffin motoci ta nuna musu hotuna. Suka yi murna, suka ce za su ajiye Bauna a tsakiyar zaure, da allon tagulla ɗauke da sunan wanda ya tayar da ita. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, takardar shaida daga hannuna. Tun da Yaya ya ji zancen allon nan, bai da wata hira sai ita. Likita kuwa ya riga ya ja Auta gefe ya gaya mata cewa abin da za a yi, a yi shi da wuri.

Na iso da hantsi da jakar aikina. Auta ta turo shi a keken marasa lafiya har bakin gareji, ta gyara masa bargo a gwiwa. Ta yaye tampol. Wallahi Bauna ta yi kyau, koren fentinta ko ƙwarzane babu.

“Ka ga dama yau, Ba-Sani-Ba-Sabo?” in ji Yaya, bakinsa a karkace. “Ka duba motocin duniya, ta gida ka bar ta.”

“Ai wanzami ba ya son jarfa, Yaya,” na ce, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na fara da abin da ba na tsoro. Lambar injin ta dace da shekarar. Gilasan duka na asali ne, tambarin kamfani na nan a kusurwa. Ƙusoshin bayan motar masu faffaɗan kai ne, irin waɗanda aka daina tun kafin a haifi Auta. Tanki na biyu, maƙalarsa ta kamfani ce. Duk abin da na duba sai in faɗa da ƙarfi, Yaya yana gyaɗa kai, Auta tana cewa, “Ka ji ko, Baba?” Na ja aikin nan yadda zan iya, har na auna abin da ba a aunawa. Daga ƙarshe dai babu abin da ya rage sai shasi.

Na shimfiɗa kwali na kwanta, na ja jiki ciki da tocila. Ga ta nan. Lamba goma sha ɗaya a jere kamar sahun salla, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Lamba huɗu ta fito sau biyu a ciki, kowacce da ɓallallen kunne.

Dabara ɗaya ta rage mini. Idan aka goge lamba, bugun farko kan bar tabo a cikin naman ƙarfe, in ka shafa ruwan asid sai inuwarsa ta taso. In inuwar ta fito, ina da hujja. Na kankare fentin da ke gefe, na goge, na shafa da auduga, na jira. Na sake shafawa. Na haska ta dama, na haska ta hagu, na sa madubi. Babu komai. Da wani malalacin mai walda ne ya yi gugar, da ya bar mini abin kamawa. Yaya ya ci ƙarfen nan har ya wuce inda tabon yake.

Auta ta durƙusa ta leƙo. Yarinyar nan ba ta da wauta, fuskata kawai ta kalla.

“Baffa, lafiya?”

Na gaya mata da ƙaramar murya, tun daga giranda har rula.

Ta ce, “Amma kai ka ga lambar asalin da idonka.”

“Na gani.”

“To ka sa hannu mana! Wa zai duba bayanka?”

“Auta, duk wanda na kora haka yake cewa, ya gani da idonsa. Akwai wani dattijo, shekara shida ke nan, kuka ya yi a gabana. Na san gaskiya yake faɗi, amma na hana shi.”

“Shi ba shi ya goya ka ba,” ta ce. Ta tashi ta bar ni a kwance.

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na fito na zauna a kan tsohuwar taya, na ɗora takardar a cinya. Layi na bakwai ne: Shin lambar shasi bugun kamfani ce? E ko A'a. Ba zan ɓoye ba, na yanke shawarar yin ƙarya. Na ce a raina, shekara goma sha takwas ina tsare gaskiya saboda baƙi, yau sau ɗaya zan karya ta saboda wanda ya ciyar da ni. Na kai biro kan E.

“Me ka tsaya kallo?” in ji Yaya. “Karanto mini.”

Na karanta masa. Ban san dalilin da ya sa na karanta ba, tun ina yaro in ya ce yi, yi nake.

Ya ɗago hannun hagu yana kaɗa yatsa. “Wane kamfani? Ni na buga ta! Ka manta? Kai ka riƙe rula.” Ya juya wajen Auta, idonsa na ƙyalli. “Da kin ga yadda suka yi ta, 'yar nan, abin kunya. Ni na gyara musu.” Ya dawo kaina. “Kada ka ɗauki aikina ka ba kamfani. Rubuta ni ne.”

Auta ta juya mana baya, ta shiga naɗe tampol ɗin da yake a naɗe.

Na matso na tsuguna a gaban kekensa. Na ce, “Yaya, idan na rubuta haka, ba za su karɓe ta ba.” Na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun shekara goma sha takwas da suka wuce, na karkatacciyar lamba da miƙaƙƙiya. Na gaya masa tun yaushe na sani.

Ya daɗe yana kallon Bauna. Wani ƙuda ya sauka a kan hannunsa na dama, Auta ta zo ta kore shi.

“Ko da ita ce ta gaskiyar?” ya ce.

“Ko da ita ce.”

“Allon ma babu ke nan.”

“Babu, Yaya. Sai dai in na sa E. Ka ce in sa, in sa yanzu.”

Ya kalle ni irin kallon da yake yi mini in na kawo masa walda mai rami. Ya miƙo hannun hagu ya tura biron da yatsa zuwa ɗaya gefen. Na ja layi a ƙarƙashin A'a, na sa hannu. Ban taɓa tsanar sa hannuna ba sai ranar.

Ina tattara kwalabe da auduga ya kira ni da sunan da rabon da ya kira ni da shi tun ina gajeren wando.

“Ƙanena.”

“Na'am, Yaya.”

“Ni ba na iya sunkuyawa yanzu. Layin lambar nan... har yanzu a miƙe yake?”

“A miƙe yake. Kamfani bai taɓa buga mai kyansa ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin ɓangaren fuskarsa da ba ya motsi. Ya ce, “To ka mayar da fentin da ka kankare kafin ka tafi, kada tsatsa ta shiga.”

Na karɓi gwangwanin koren fenti daga hannun Auta, na sake kwanciya a kan kwalin.