Yatsu Huɗu a Bangon Coci

Tsohon cocin ƙasa da ke wani ƙauye a hanyar Dutsi, kakan Mahdi ne ya gina wa Kiristocin wurin, ko da yake shi Musulmi ne. Ɗansa Zakiyyu magini, uban Mahdi, ya gaji yaɓe shi duk shekara kafin damina, har bayan masu ibada sun koma ginin bulo. Bara Zakiyyu ya rasu.

Mahdi kuwa ɗan boko ne, ko kwaɓa ƙasa bai iya ba. Aikinsa ya zagaye gini yana ta ɗaukar hotuna, kwamfuta ta haɗa su ta fito da ginin sak.

"Bangon gabas ya tsage," in ji Iya, mahaifiyarsa. "Babanka ya ɗauki alkawarin ginin nan."

"Iya, ko ya faɗi, yana cikin kwamfuta."

"Kwamfutar ce za ta tare ruwa?"

Ya yi dariya, ya je ya ɗauko hotunansa. Da ya koma ƙaro wasu, ya tarar an cike rabin tsagar da ɗanyen yaɓe. Mutanen ƙauye suka ce ba su ba ne.

A gida ya haɗa sabbin hotunan, ya jawo bangon kusa. Shatin hannu ne ko'ina a yaɓen, kowanne yatsu huɗu. Ƙaramin yatsan babansa azara ta datse shi tun yana saurayi.

Ya nuna wa Iya. Ta daɗe tana kallo, ko mamaki ba ta yi ba.

"Ya gaji, Mahdi. Ka bar shi ya kwanta."

Washegari ɗan bokon nan ya naɗe wando ya shiga kwaɓi. Ƙasa tana zamewa, yana mayarwa, tsoro bai bar shi ya waiwaya ba. Yaɓen farko abin kunya ne. Can sama hannunsa ya faɗa, har ya rufe tsagar. Ya sake ɗaukar hotuna.

Kwamfuta ta nuna masa komai. A ƙasa, kan kowane shatinsa mai yatsu biyar akwai mai huɗu da ya bi ya gyara. Suna raguwa yana hawa. Mahdi ya bi bangon har sama yana neman ko ɗaya, yanzu da kewa, ba tsoro ba.

Babu. Nasa ne kaɗai.