Tsohon da Ake Cigiya a Kolashin

Stanka likitar dabbobi ce a garin Kolashin. Wata Alhamis ta hau dutsen Sinjajevina don yi wa tumakin wani makiyayi allura. Tana saukowa da la'asar ruwa ya kece, hazo ya rufe hanya. Ta san akwai wata tsohuwar bukkar katako ta makiyaya kusa da marmaro, wadda ba a kulle ta, sai ta nufi can.

Tun daga nesa ta hango hayaƙi. Ta tura ƙofa, sai ga wani dattijo tsugune gaban murhu yana tuƙa tuwon masara. Nan take ta shaida shi. Milutin ne, tsohon malamin lissafi, wanda aka liƙa hotonsa a tasha da ƙofar coci yau kwana goma sha ɗaya, ana cigiyarsa.

"Rufe mini ƙofa, 'yar nan, kina shigo da sanyi," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

"Baba, ka san garin nan kaf kai ake nema?"

"To, ga shi kin same ni. Miƙo cukun nan."

Suka ci tuwon da cuku a tukunya ɗaya. Ita ba ta tambaye shi ba, shi ya ga dama ya faɗa. Ɗansa Branko ya samo masa gado a gidan kula da tsofaffi a birnin Podgorica, har da ranar kai shi. Shi kuwa a bukkar nan aka haife shi.

"Ɗaki ɗaya mu huɗu, wai da talabijin," ya ce. "Na koyar da yara shekara talatin da takwas, hayaniya ta ishe ni."

"Idan ƙanƙara ta sauko fa?"

"In ta sauko ma gaisa."

Ya bar mata gadon katako da bargo mai warin tumaki, shi ya kwanta kan benci. Rufin na yoyo daga kusurwa ɗaya, ta tara bokiti ta yi barcinta.

Da safe gari ya washe. Ya haɗa mata shayin ganyen dutse, bai roƙe ta ta rufa masa asiri ba, ita ma ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Ta saɓa jakarta ta kama hanya.

Sai da ta yi tafiyar awa biyu wayarta ta kama sabis. Ta zauna kan wani dutse ta ɗan yi nazari, sannan ta kira Zorka, 'yar tsohon, wadda suka yi makaranta tare.

"Na ga babanki."

Zorka ta ce, "Maganin hawan jininsa saura nawa?"

"Au, ashe kin sani?"

"Wa kike zaton ya kai masa garin masara ran Asabar? Branko ne ya buga hotunan, shi kaɗai ke ta kiɗansa yana rawarsa."

A watan Oktoba, ranar da ƙanƙarar farko ta zuba, Milutin ya sauko da ƙafarsa ya tare a ɗakin bayan gidan Zorka. Branko ya yi wata biyu ba ya yi wa ƙanwarsa magana. Da sanyi ya wuce, Branko ya sayo kwanon rufi shida, ya ɗora su kan dokin maƙwabci, ya hau dutsen ya gyara rufin bukkar.