Jan Fenti a Tsauni na Uku

Shekara talatin da ɗaya Mai Fenti yana yi wa itatuwan tsaunukan nan uku alama don kada masu hawa su ɓata. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa: layi ɗaya na jan fenti a jikin bishiya, daidai tsayin ido, kuma in ka tsaya a gindin wannan dole ka hango ta gaba. Shi ke nan fa. Amma ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya dasa dajin.

Autarsa, wadda ke aikin jinya a birni, ita ta zo da maganar da ta hana shi sakat. Maƙwabta sun kai mata labari cewa Baba ya fara mantuwa: ya bar tukunya a wuta har ta ƙone, ya kira mai shago da sunan mamaci. Ta ce ya tattara ya koma wurinta, akwai ɗaki a hawa na huɗu. Shi kuwa ya ce ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wani ai kabari ne mai fanka. Suka yi ta ja-in-ja, har ya yanke da bakinsa: su hau tsaunukan uku a yini ɗaya, shi ke jagora. In ya kai ta ya dawo da ita, ta ƙyale shi da gidansa da gwangwanin fentinsa. In ya kasa, ya bi ta.

Suka fita da sassafe, a tsakiyar bazara, tun zafi bai buɗe ido ba. Tsauni na farko kamar wasa. Yana tafe yana tsokanarta, wai ashe masu jinya ma suna haki. A kan na biyu suka zauna a inuwa, suka ci burodi, suka sha ruwan da ya riga ya ɗumama a gora. Ya nuna mata rufin gidansa can ƙasa, ƙanƙane kamar akwatin ashana, ransa fes.

Hanyar na uku ita ce wadda ya sabunta shi kaɗai mako uku da suka wuce. Dajin wurin ya fi duhu, ba iska, gumi ya jiƙa musu riguna sharkaf. Suka bi jan layi, bishiya bayan bishiya, suka tsallake wani kututture da tsawa ta tsaga. Bayan rabin awa suka sake tsallake shi. Auta ta gani, ta ci gaba da bin sa. A karo na uku shi da kansa ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan kututturen.

Ya dubi alamomin. Babu aibu ko ɗaya. Tsayin ido, layi miƙaƙƙe, kowace tana hango 'yar'uwarta. Zagaye kawai suke yi. Sai ya tuna ranar: ya koma gida da yamma gwangwani wayam, yana alfahari ya yi aikin mutum biyu. Ashe ɓata ya yi, yana ɓatan yana shafa fenti.

Baƙin ciki ya cika shi, kuma ba na ɗakin birnin ba ne. Ranar Asabar mutane za su zo da iyalansu, mutanen da ba su san komai a dajin nan ba sai jan layi, kuma sun yarda da shi.

Ya zaro wuƙa ya hau kankare alamar da ke gabansa, ɓawo na zuba a kan takalminsa. Ya kankare ta biyu. A ta uku hannunsa ya tsaya.

"Baba, rana ta yi. Mu sauka, zan sanar da ofishinku na gandun daji."

Bai ji ta ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ko'ina ja.

"Uwata," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "wanne ne na gaskiya a cikinsu?"

Ita yau ta fara taka wurin. Ta karɓi wuƙar daga hannunsa, bai ko riƙe ba, ta ciro wayarta tana neman hanyar sauka, shi kuma ya tsaya a bayanta yana jira.